Gemun Zakiru a Filin Karate

"In ban kai metir ɗin ga mai koyar da karate ƙasa yau ba, ku aske mini gemu a tsakar kasuwa!"

Tsoho Zakiru ke nan, shekara sittin da tara, ranarsa ta farko a ajin karate, farar ɗamara ɗaure bisa taguwa. Amininsa Amiru ya biyo shi har filin lakwal, wato makarantar boko, da aska a aljihu.

"Zakiru, bar wautar ga. Baƙar ɗamara gare shi, da hannu yake fasa bulo."

"Bulo! Ni da na ga fari uku ban bar Dakoro ba? Ni da rijiya ta rufta da ni a Birnin Lalle na fito da ƙafata? Riƙe askarka ka sha kallo."

Samari suka jeru suna danne dariya. Metir ya shigo, ƙato ne, ya daka tsawa, kowa ya sunkuya. Zakiru ya ƙi. Ya tako gaba, gwiwoyi na ƙara, ya tsaya ƙyam, ya yi gyaran murya.

Metir ya dube shi. Sai ga ƙato zube a ƙasa, gwiwa biyu, ido a rairayi.

"Baba... ina wuni?"

To, wa ya taɓa gaida uban matarsa a tsaye?

Zakiru ya shafa gemu, ya waiwayi Amiru. "Ka gani? Ko taɓa shi ban yi ba." Sannan ya dubi ƙasa. "Tashi, mijin Rahinatu. Zo ka koya mini naushin."