Shekarun Hankalin Furera

Cindo ya ɗiga turare a hankici, ya kare hanci, sa'annan ya ce a shigo da yarinyar.

Shekara biyu ya yi a Dakar yana koyon nazarin halayyar 'yan makaranta, sana'ar da ƙasa mai shekara huɗu da samun 'yanci ta gano ba za ta rayu ba sai da ita. Abu guda ya rage masa kafin difulom: ya zauna wata biyu a wata lakwal, wato makarantar boko, ta karkara, ya ɗauki yaro ɗaya, ya san shi ciki da bai, ya rubuta rahoto. In rahoton ya karɓu, ofis a Yamai, har da fanka. In bai karɓu ba, a bar shi inda aka ajiye shi.

Dakoro aka ajiye shi.

Ba za a ce Cindo na ƙin yara ba. Na cikin littafi yana son su ƙwarai. Waɗancan ba su da majina, ba su da ƙazwa, ƙuda ba ya layi a gefen idonsu. Na Dakoro kuwa sukan shigo da warin man shanun da ya yi mako a kitso, kuma Cindo, ɗan attajirin Maraɗi da ya saba da sabulu mai takarda, sai ya toshe hanci.

A rajista ya tsinci Furera Sallau. Wani wuri malami ya rubuta tana da kai, wani wuri ya rubuta ba ta san hagunta ba. Shekara biyu kuma ba ta taɓa fashi ba ko sau ɗaya, a garin da kaka kan kwashe rabin aji.

"Mushe, game da yarinyar nan..." in ji Mainassara, daraktan lakwal ɗin, yana kiransa Mushe yadda ake kiran kowane malamin boko.

"Darakta, ra'ayin malami yana gurɓata nazari. Haka aka koya mana."

Mainassara, wanda sufeto ya sha yi wa faɗa kan bencinan da ba kowa, bai nace ba.

Malaman Dakar sun ce mai nazari ya ba yaro tazara, kada kwarjininsa ya taɓa sakamako. Cikin duk abin da aka koya wa Cindo, ba wanda ya riƙe da amana kamar wannan. Yakan zauna bakin taga inda iska ke shigowa, idonsa kan agogo da takarda. Ita kuma ta durƙusa can bakin ƙofa, zane lulluɓe da kai, fuska a ƙasa yadda tarbiyya ta ce. Takardar da ta taɓa, da bakin fensir yake jawo ta.

Ran Litinin ya ce ta zana mutum. Ta zana kai da ƙafa biyu: hankalin shekara shida, in ji littafi. Ran Alhamis ta zana mutum da yatsu goma, da rawani, da takobi: shekara goma sha ɗaya. Wata rana ta lissafa har ɗari ba gargada, kashegari ta tsaya a bakwai tana kuka. Yau ta riƙe fensir da dama, jibi da hagu. Abin da ya koya mata da safe, kwana biyu sai ta rantse ba ta taɓa ji ba.

Cindo ya ji daɗin da mai haƙa rijiya ke ji in ƙasa ta fara danshi. Shafi arba'in ya rubuta. Ya ambaci manyan masana bakwai, ya bai wa ciwon suna mai tsawo da Faransanci, ya ɗora laifin kan uwar, don littafi ya ce galibi uwa ce.

Ya aika da rahoton, amsa ta zo ta waya daga Yamai. An yaba. Ba a taɓa ganin irin wannan ba a ƙasar. Aka ce ya zo da yarinyar a motar ran Asabar, likitoci su duba ta gaban masu jarrabawa, a nan za a miƙa masa difulom.

Ya aika a kirawo iyayenta. Sallau ya tafi kasuwar Kornaka, sai matarsa Uwale ta zo, hannunta fari fat da dusar gero. Cindo ya ƙara turare a hankici, ya yi mata bayani a hankali, irin wanda ake yi wa wanda ba a sa ran zai gane.

"Ɗiyarki ba ta da lafiya a kai. Gwamnati za ta kai ta Yamai."

"Har yaushe, Mushe?"

"Sai likita ya ce."

Uwale ta murza bakin zane. Ba ta yi gardama ba. Wanda ya ga zamanin kumandan na Turawan mulki ya san gwamnati ba ta tambaya sau biyu.

"To, Mushe, don Allah ka bar mani babbar, ita ka ɗebo mani ruwa."

"Wace babbar?"

"Ai sarki cewa ya yi kowane gida ya ba lakwal ɗiya guda, muka ba da sunan Hurera, su huɗun suna karɓa-karɓa, wadda ba ta da daka ran nan ita ka zuwa gunka."