Mabiyiya a Tudun Gawo

Tun da bututun mai ya fashe aka hana haƙa rami da damina a Tudun Gawo. In ruwan ƙasa ya taso, man da ya nutse cikin yashi yakan biyo shi sama. Hukuma ta kafa sanda mai fitila a kowane gida, in ta shinshino mai fitilarta ta yi ja, sai a tashi mutanen gidan.

Ranar da jikarta ta haihu, Tabawa ungozoma ta ɗauki fartanya ta nufi bayan ɗaki. Sallau ma'aikacin hukuma ya yi sallama, riƙe da robar da ake saka mabiyiya a kai ta ƙonawa.

"Iya, ki rufa mana asiri. Tsakiyar damina muke."

"Taka ma ni na binne ta. Wa ya ƙona maka?"

"Lokacin ai ƙasa lafiyarta ƙalau."

"Mu muka sa mata ciwon?"

Ta durƙusa ta fara haƙa. Ba ta kai kamu ɗaya ba yashin ya yi baƙi, ramin ya tsatso ruwa mai ƙyalli kamar wuyan tantabara. Ta naɗe mabiyiyar a tsumma ta saka, ta mayar da ƙasa, ta take da dunduniya.

Fitilar ta yi ja.

Tabawa ta goge hannu a zaninta. "Je ka gaya musu. Su kai mu duk inda suka ga dama. Jaririyar nan dai 'yar garin nan ce."