Facin Bara

Tun da aka kafa dokar mayar da taya, babu mai ajiye tsohuwa. Kamfanin da ya ƙera ta ke karɓa, ya dafa ta a rufaffiyar tukunya ta zama mai, ya ba ka sabuwa.

Ranar Talata Sallau, direban bas ɗin Kano zuwa Rano, ya bar fasinja cike da mota ya gangara da tayarsa wurin musaya. Ma'aikaciyar wurin, Hajiya Indo, ta sa aka miƙo masa sabuwa, baƙa wuluk.

Ya zura hannu cikinta kamar yadda ya saba, sai yatsansa ya taɓa faci. Ya leƙa. Jar roba ce, wadda shi da kansa ya liƙa wa tayar da ya kawo bara.

"Hajiya, tayoyin bara duk an dafa su?"

"Duk sun zama mai, Malam Sallau."

"To, a canja mini wannan."

Ta saci kallon mai gadin wurin, sannan ta rage murya. "Duk haka suke. Kai dai kada ka sa ta a ƙafar gaba."