Wuƙar da Ba Ta Dawo Ba

Cikin wuƙaƙen da ke kicin, Marlene ta zaɓi wadda ta fi dakushewa, ta fita da ita bayan gidan abincin, inda aka jibge tarwaɗa cikin baho. Da gangan ta yi.

Asabar ce da la'asar, 'yan sandan garin Tallow Bend sun taru don shagalin da suke yi duk ƙarshen wata: su kamo kifi, ta soya musu, su kora da giya. Gidan abincin yana kallon caji ofis, kuma tun da ta zo garin bara ta kama aiki a nan, ta zama uwar kowa. Baturiya ce mai furfura da yawan fara'a, ba ta manta wanda ke son sukari a kofi. Mama suke ce mata. A gabanta ba sa tauna magana, don a ganinsu ai tasu ce.

Ita kuwa saboda mutum ɗaya take duk wannan hidimar, wani kofur mai suna Royce Hembree.

Royce ne, tun kafin zuwanta garin, ya tare motar wani saurayi baƙar fata, Lamont Gaither, a kan gadar shiga gari, wai fitilar baya ta mutu. Daga nan ya ɗirka masa harsashi a ƙirji. Ya ce yaron ne ya zaro wuƙa, kuma ga wuƙar an tsinta kusa da gawa, mai mariƙin ƙaho. Kyamarar da ke ƙirjinsa, in ji shi, ta lalace ran nan. Wani direban babbar mota ya rantse bai ga komai a hannun yaron ba, amma shi ma baƙi ne, sai aka ce nesa yake. Talabijin ta yi ta nuna wata baƙar mace tana birgima a ƙofar caji ofis, mutanen tsallaken layin dogo, unguwar baƙaƙen fata, suka yi zanga-zanga har suka gaji, masu bincike suka wanke Royce tas. Har ƙarin girma ya samu.

Marlene ta tsane shi, irin tsanar da ke hana cin abinci. Amma kullum da safe takan zuba masa kofi. Ba mutuwarsa take so ba, wannan ya yi masa sauƙi. So take ta ji daga bakin 'yan sandan inda wuƙar nan ta fito.

Ta daɗe da lura da Dwight Culpepper, abokin sintirin Royce. Mutum ne mai maƙon tsiya, ko ashana ka ara sai ya bi ka har gida. Kuma duk ranar kamun kifi kowa na da wuƙa a ƙugu, shi kuwa kube ne kawai, ba komai a ciki.

Sai da ta bari giya ta ratsa su sannan ta soma gurzar kifin.

"Mama, wai ina kika koyi suyar nan?" in ji Royce, yana lasar yatsa. "Sai ka ce ta 'yan tsallaken layin dogo."

"Surukata ce ta koya mini," ta ce, tana ci gaba da gurza. Can ta ja tsaki. "Wannan abin ko tumatir ba zai yanka ba. Duk cikinku ba namijin da ke da wuƙar kirki? Kai Dwight, ka ɗaura kube kamar mutumin arziki, ina abin ciki? Ko matarka ta ƙwace?"

Aka kwashe da dariya. Dwight bai yi ba.

"Tambayi wannan ɗan banzan," ya ce, yana nuna Royce da kwalba. "Wuƙar da tsohona ya bar mini, da ƙahon barewar da ya harbe da hannunsa. Ya ce in ara masa a kan gada. Ga ta can ɗakin ajiyar shaida, an liƙa mata sunan wani gardi."

"Rufe mana baki, na ce zan saya maka wata." Royce ya waiga, bai ga baƙo ba sai Mama da bahonta, ya saki jiki. "To da me kake so in ajiye wa yaron, cokali? Hannunsa wayam fa."

Marlene ta tsoma kifin cikin garin masara, ta jefa a mai. Wayarta tana cikin aljihun rigar girki, tana naɗar kowace kalma. Ta zaɓi tsoka mafi girma ta ɗora wa Royce, ta tsaya tana kallonsa har ya cinye.

Ba ta kai muryar da ta naɗa wurin kowa a garin ba. Babban birnin jiha ta je, wurin jami'an tarayya. Da aka soma bincike, Dwight ne ya fara karyewa, don shi dai in za a dawo masa da kayansa, ko uwarsa ce zai tona.

Da safe jami'an suka zo gidan abincin, Royce na zaune a teburinsa. Ita ce ta nuna musu shi da butar kofi. Da ankwa ta shiga hannunsa aka gaya masa wadda ta kawo muryar, sai ya tsaya yana kallonta kamar bai taɓa ganin ta ba.

"Ke, Mama? A kan ɗan baƙar fata? Me ya haɗa ki da shi? Ko uwarsa da ta yi ta birgima a talabijin ai ta haƙura."

Marlene ta ajiye butar, ta goge hannu, ta matso har yana jin numfashinta.

"Waccan gwaggonsa ce," ta ce. "Launin ubansa ya ɗauko, amma ni na haife shi."