Goron da Kawu Audi Ya Mayar

Tun ranar da kotu ta ɗaure Jafaru mai injin niƙa saboda lalata da ya yi wa 'yarta Sadiya, Haulatu ta fara samun barci. Yarinyar ta dawo da surutunta, ta koma Islamiyyarsu a Sandamu, ga saukarta ta matso. Gida ya kacame da hidima, Sadiya kuwa sai gwada farin hijabinta take yi kamar za a ƙwace mata.

Kwatsam Jafaru ya ɗaukaka ƙara, ya nemi beli. Danginsa suka kai ƙwaryar goro wurin Kawu Audi, babba a gidan su Haulatu, wai iyali su shaida wa kotu ba su da ja. Kawu mutum ne mai kunya, ko akuya ta roƙe shi sai ya ce to. Ya karɓa.

Labari ya kai kunnen Sadiya, ga hanyar Islamiyya ta ƙofar injin take bi. Ta cusa hijabin ƙarƙashin gado, ta daina cin abinci. Ko ƙarar injin ta ji sai ta toshe kunnuwa.

Ran Haulatu ya ɓaci. Ta je ta durƙusa gaban Kawu.

"Kawu, an ci goron?"

"Yana nan, 'yar nan. Dattawa ne suka tako, ina zan sa fuskata?"

"Kunyarsu ka ji. Ita da za ta riƙa yin ido huɗu da shi kullum fa? Zo ka gan ta."

Ya zo, ya yi ta tsokanar jikarsa, ko kai ba ta ɗaga ba. Tsoho ya share ido da hannun riga. A ranar ya mayar da goron, ko ɗaya bai fasa ba.

A kotu a Daura, Haulatu ta bayyana halin da yarinyar ke ciki, Kawu na tsaye bayanta. Alƙali ya hana belin.

Ranar sauka, Sadiya ta rangaɗa karatu har ana ji a titi. Mata suka ɓarke da guɗa, Haulatu na dariya tana hawaye. Kawu ya tashi da kwanon waina guda, sannan ya raba goron da ya saya da kansa.

Jama'a, wanda kotu ta tabbatar ya cuci yaro, kada kunya ta sa mu taya shi neman beli. Kwanciyar hankalin yaron ita ce gaba.