Roba Tara a Firiza

Ƙawata, ajiye abin da kike yi ki karanta wannan a hankali. Rubutuna na wadda ta koya da girma ne, ki yi haƙuri da shi.

Ranar da aka ci abincin babban hutu a gidan wani makanike, matarsa ta dafa abin da zai ishi mutum talatin, alhali su goma sha ɗaya ne. Haka take. Kuma kamar kullum ta ƙona albasa, don da ta zuba ta a mai sai ta ɗauki waya ta shiga hira. Uwarta, wadda kowa a gidan ke kira Kaka, ta ɗanɗana miyar a gaban baƙi ta ce shekara ashirin tana koyar da mutum ɗaya suyar albasa, har yau ba a ci jarrabawa ba. Aka yi dariya. Matar ma ta yi, amma ba ta ɗago kai ba.

Da baƙi suka watse ta zuba ragowar a robobi, ta manna takarda a kowane murfi ta rubuta abin da ke ciki: kaza, shinkafa, wake, dankali, miya. Roba tara. Ta jera su a firiza.

Kwana uku bayan nan ta kwanta da ciwon kai. Ba ta kai sati ba. Allah ya jiƙanta.

Ta bar yarinya ɗaya mai shekara shida, 'Yar Baba. Tun ranar da uwar ta rasu, yarinyar ta rufe baki, ta ƙi cin abinci. Maƙwabta sun kawo kwanuka, gwaggonta ta dafa, ba ta ko kalla ba. Sai ruwa, sai shayi rabin kofi. A sati na biyu likita ya ɗora ta a sikeli, ya ce idan ta ƙara ramewa zai riƙe ta a gado a riƙa ba ta abinci ta hanci.

Da yammar ranar makaniken ya buɗe firiza neman ruwan sanyi, ya ga rubutun matarsa. Ya daɗe a tsaye. Sannan ya ɗauko robar miya, ya ɗumama, ya dafa taliya ya juye a kai. Ƙamshin bai gama cika ɗakin ba yarinyar ta bayyana a bakin ƙofa.

"Baba, wannan na Mama ne. Ga ɗacin nan."

Ta cinye tas, har da lashe cokali.

Daga nan mutumin da bai taɓa dafa ko ƙwai ba ya zama gwanin tattali. Ya tsittsinka kaza ɗaya ta yi kwana uku. Ya soya shinkafar da ƙwai. Ya farfasa dankalin a romo, ya dama waken a miya a ci da burodi. Komai ya haɗa, sai ya saka cokali biyu na girkin matarsa, don in babu wannan ɗacin yarinyar ture kwanon take yi. Ya gwada ƙona albasa da kansa, ta shinshina ta ce wannan ƙonewa ce kawai.

Duk robar da ta ƙare sai ya wanke ta a hankali kada takardar ta jiƙe, ya ajiye a saman kabad. Firizar kuwa ya daina leƙa cikinta. Hannu kawai yake zurawa ya ɗauko, ya rufe da sauri, don ba ya son ya ga ranar da zai taɓa ƙasa.

Kaka tana zuwa Litinin da Alhamis da babbar jaka, wai wankin jikarta ne ta kawo. Tana shigowa sai ta aike shi kanti, ko sabulu ko ashana, ta ce ya tafi da yarinyar ta sha iska. In ya miƙa wa Kaka kwano sai ta ce tana azumi. Gaskiya ne, tana yi. Wata rana ya ce idanunta sun yi ja, ko a kai ta asibiti, ta ce tsufa ne, ba shi da magani.

Sati huɗu. Sati shida. Kumatun 'Yar Baba suka dawo. Likita ya duba sikeli ya ce ko me ake ba ta a ci gaba. A sati na takwas malamarta ta aiko cewa yau ta ci ayaba a aji, ta kuma ƙwace biskit ɗin wata.

Ranar Alhamis makaniken ya zauna a bakin ƙofar kicin, hannunsa duk baƙin mai, yana kuka irin na maza, ba sauti.

"Kaka, roba tara ta bari. Wata biyu muna ci. Ni dai ban san lissafin ba, amma Allah ya sa wa hannunta albarka."

Kaka ta ce amin. Ta ɗauki jakarta, wadda yanzu ba ta da nauyi, ta fita. Bai taɓa duba saman kabad ba, balle ya ga robobin da yake wankewa ba sa taruwa.

Ƙawata, don girman Allah ki bar wannan a cikinki, kada ko maigidanki ya ji. Girkin 'yata ya ƙare tun kwana na goma sha biyu da fara cinsa, daga nan ni ke sake cika robobin. Ni ce nake tsayawa a kan tukunya kowace Litinin da Alhamis, hannuna a bayana don kada in sauke, ina kallon albasa tana ƙonewa daidai yadda na yi mata faɗa a kai a rana ta ƙarshe da ta ciyar da ni.