Motar Da Ba Ta Tari

Tun da safe matarsa ta gargaɗe shi: "Baban yara, kada ka je. Za ka gano abin da zai hana ka cin abinci."

Amma amininsa, wanda ya yi alkawarin zuba jari a garejinsa, shi ya kira shi shagon motoci ya duba masa sabuwar motar lantarki, doguwa kamar jif. Shi Baban yara bakanike ne, shekara ashirin da biyu yana aikin. Da kunne yake gano ciwon mota, da kunnen nan yake ciyar da 'ya'ya biyar.

Masu saye sun yi cincirindo, suna shafa ta, suna rububin rubuta sunayensu.

"Sarkin kunne, saurara mana ita," in ji aminin yana dariya. "In lafiyayya ce, jarina wurin masu cajin irinta zai koma, ba garejinka ba. Ka ga ka huta da baƙin mai."

Bakaniken ya zaro sukundireban da yake ɗora wa inji ya kara a kunne, yana fatan ya ji ko da ɗan tari.

"A tayar da ita," ya ce.

Mai sayarwa ta yi murmushi. "Baba, ai tun ɗazu a kunne take."

Ya ɗaga bonet. Ba inji, sai wurin ajiye jaka, an shimfiɗe shi da kafet.

Aminin yana jiran amsa. Shi kuwa bai san inda zai ɗora sukundireban ba, bai kuma san abin da zai faɗa wa yara ba.